Ranar da Tsawa Ya Yi Raɗa

Ni tun asali ba 'yar siyasa ba ce. Kukan jariri ne ya jefa ni takara.

Jaririn kuwa ɗan yayana ne. Uwarsa, Matar Yaya, tana aji na gaba da nawa a kwalejinmu, lissafi take karanta. Yaya direban babbar mota ne, in ya kama hanya sai a yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba, don haka rainon ya zama daga ita sai ni. Jiniya muke ce wa yaron. Duk wanda ya taɓa jin ya buɗe baki ba ya tambayar dalilin sunan.

A zangon da ya wuce ne abin ya faru. Matar Yaya tana da wani kwas mai taurin kai wanda ta taɓa faɗuwa lokacin da take fama da laulayi. Malamin kwas ɗin, ɗalibai Ba-Sani-Ba-Sabo suke kiransa, kuma dokarsa a bayyane take: ba a shiga zauren jarrabawa da goyo, wanda kuma ya fita ya fita ke nan. Sai na riƙe mata Jiniya a gindin wata bishiya kusa da tagar zauren. Da farko lafiya lau, yana wasa da ɗankunnena. Can sai ya waiga bai ga uwarsa ba, ya ja numfashi, ya saki. Na yi jijjiga, na yi waƙa, na yi rawa kamar wadda ta zautu, a banza. Ina ɗaga kai sai ga Matar Yaya a ƙofa, biro a hannu, ko rabin tambayoyin ba ta amsa ba. Malamin ya rufe ƙofa a bayanta, ko kallonta bai yi ba.

Ta sake faɗuwa. Dama ɗaya ta rage mata, in ta kuma faɗuwa za a sallame ta daga makarantar.

Abin da ya fi ƙona mini rai a ranar shi ne da na duba gindin bishiyar da kyau na ga ashe ba ni kaɗai ba ce. Ga wata can riƙe da ɗan ƙawarta, ga wata tana zagaye da 'yar maƙwabciyarta a kafaɗa, kowa ta yi zuru-zuru tana addu'ar kada abin hannunta ya tsanyare. Shekara da shekaru haka ake yi, kowa ya ɗauka haka Allah ya yi makaranta. Ni kuwa in abu ya tsaya mini a rai ba na iya haɗiye shi. Da aka buga gangar zaɓen ƙungiyar ɗalibai, na fito neman Daraktar Walwala.

Abokan takarata sun yi alkawuran da ko gwamnati sai ta yi tunani. Wani ya ce intanet kyauta har banɗaki, wani ya ce motocin kai ɗalibai gida. Ni magana ɗaya na riƙe: ɗakin reno. Samari suka yi ta yi mini dariya, suka laƙaba mini Gwaggon Jarirai. Na ce na karɓa, a ƙara da tafi. Abin da suka manta shi ne kowace mai goyo tana da ƙawayen da hannuwansu suka gaji da jijjiga, kuma su ma suna da ƙuri'a. Na ci zaɓe da rata mai kyau.

Kai, an kai ruwa rana kafin a ba mu ɗaki! Na yi sintiri a ofisoshi har masu gadi suka fara gaishe ni da "Kin dawo?" A ƙarshe aka sakar mana wani sito da ke bayan babban zauren jarrabawa, cike da karyayyun kujeru da yanar gizo-gizo. Ina ganinsa na ce wannan nake so, don uwa za ta iya fitowa daga lacca ta shayar ta koma ba tare da ta yi tafiya mai nisa ba. Daga nan abin ya zama kamar wasa. 'Yan sashen aikin katako suka farfasa kujerun nan suka mayar da su ƙananan gadaje masu shinge. 'Yan zane suka yi wa bango fenti, suka zana wani raƙumin dawa da har yau ake gardama ko akuya ce. Aka sa raga a tagogi, aka shimfiɗa tabarmi masu laushi, aka kafa ƙusoshin rataye jakunkuna. 'Yan sashen ilimin ƙananan yara suka amince su riƙa karɓa-karɓa, malamansu kuma suka yarda a lissafa musu shi a matsayin aikin gwaji. Ranar da aka ɗaura gidan sauro na ƙarshe, na tsaya a tsakiyar ɗakin ina murmushi ni kaɗai kamar an yi mini albishir.

Sai maganar buɗewa. A nan ne shugaban ƙungiyarmu ya shigo.

Tsawa ake ce masa, kuma ba a zalunce shi ba. Mutum ne dogo mai faɗin ƙirji, in yana gaisuwa a ƙofar makaranta ana amsa masa daga ɗakin karatu. Zuciyarsa fara tas, amma Allah ya jarrabce shi da son taro. Ko kwandon shara ƙungiya ta saya sai an ɗaura masa ƙyalle an yanka, an yi jawabi. To, balle ɗakin reno, aiki mafi girma da muka yi.

"Walwala," ya ce mini, "wannan buɗewar sai an ji ta a garin da ke gaba! Lasifika, ganguna, jerin gwano tun daga ɗakunan kwana. Malamin Harkokin Ɗalibai da kansa zai yanke ƙyalle."

Kada in yi ƙarya, ni ma jikina rawa yake yi. Na ɗinka sababbin kaya, na haddace jawabina a gaban madubi har 'yan ɗakinmu suka iya shi. Muka tsayar da ranar farko ta jarrabawa: da safe iyaye su ajiye yaransu su shiga zaure, bayan azahar, in an fito, a yi biki kowa na nan. Tsari ya yi kyau a bakinmu.

Da safiyar ranar wuta ta ɗauke, ba a samu buga takardun tambayoyi a kan lokaci ba, aka ɗaga jarrabawar zuwa bayan azahar. Kowa a makarantar ya ji sanarwar. Mu 'yan ƙungiya ma mun ji, muka ce Allah sarki, muka ci gaba da hura balan-balan. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai tsaya ya haɗa lokutan nan biyu a kansa ba.

Ranar ce Matar Yaya za ta sake rubuta kwas ɗin nan. Ta iso da Jiniya a baya, yana barci, kumatunsa sun lotse a jikin zani. Idanunta sun faɗa saboda karatu. Ta kwance shi a hankali ta miƙa wa Doguwa, ɗalibar da ke kan aiki a ranar, ta tsaya tana kallon yadda aka kwantar da shi.

"Gwaggo," ta ce mini, don haka take kirana tun da aka haife shi, "ga ruwansa, ga kayan canji. In ya farka a ba shi wannan cokalin ya riƙe, yana sonsa."

"Matar Yaya, je ki kawai. Yau ko tari bai isa ya yi ba."

Ta dubi tagar ɗakin, ta dubi tagar zauren. Tsakaninsu ɗan lungu ne kawai.

"Kin san halina," ta ce a hankali. "In na ji muryarsa ba zan iya zama ba. Na gwada, wallahi na gwada. Hannuna ne yake daina rubutu."

"Ba za ki ji ba. Ni ce fa Daraktar Walwala."

"Darakta ko Gwaggon Jarirai?"

"Duka biyun. Wuce, kafin mutuminki ya rufe ƙofa."

Ta yi 'yar dariya ta tafi, na raka ta har kwanar zauren. Ina kallo Ba-Sani-Ba-Sabo ya ja ƙofar zauren ya rufe. A ɗakin reno gadaje sun cika, yara na ta barci, fanka na juyawa a hankali. Daɗi ya kama ni har na ji kamar in yi tsalle.

Ban daɗe da komawa gaban ɗakin ina gyara ƙyallen da za a yanka ba sai ga mota ta tsaya. Aka sauke lasifika guda biyu, kowace ta kai tsayina. Wai har da hannuna na nuna musu inda za su ajiye! Mai kayan sauti ya tayar da janareta, ya jona waya, ya ɗauki makirfo ya bubbuga shi da yatsa.

"Gwaji! Gwaji! Ana ji na a baya?"

Gilashin tagogi sai da ya girgiza. Daga cikin ɗakin wata 'yar siririyar murya ta fara, wata ta karɓa, wata ta ɗora. A lokacin ne kaina ya yi dum, na tuna wa ke cikin zauren nan da abin da na yi mata alkawari.

Ban san lokacin da na fizge wayar daga jikin janareta ba. Na faɗa ɗakin da gudu. Doguwa da abokan aikinta kowa ta ɗauki biyu tana jijjigawa. Shi kuwa gogan yana zaune a gadonsa, ido a buɗe, leɓen ƙasa ya fara rawa. Na san wannan fuskar. Ya buɗe baki yana jan numfashi, irin dogon jan nan da ke zuwa kafin a saki.

Na sure shi na fita ta ƙofar gaba, na runtuma a guje, da sababbin kayana da takalmi mai tsini. Ni dai burina in yi nisa da tagar nan. Na wuce wurin ajiye kekuna, na sha kwanar ɗakin gwaje-gwaje, sannan ya saki. Allah ya taimake ni akwai gini biyu tsakaninmu da zauren.

Ina tsaye ina haki sai na jiyo wani abin da ya fi kukan tayar mini da hankali. Ganguna. Usur. Waƙa. Jerin gwanon ya taso daga ɗakunan kwana, ya cika hanya maƙil, ana ɗaga kwalaye, Tsawa a gaba cikin babbar riga fara yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci yaƙi. Kuma kai tsaye bayan zauren jarrabawa suka nufa.

Na tsaya a tsakiyar hanya na ɗaga Jiniya sama. Ban yi wata dabara ba, abin da ke hannuna ke nan. Yaron nan kuwa ya ga taro, ya ƙara wuta. Mai babbar ganga ne ya fara tsayawa, sauran suka bi, usur ya mutu a bakin masu shi.

"Walwala, lafiya?" in ji Tsawa. "Me kike yi a nan? Ke ake jira a can!"

"Shugaba, rage murya, don Allah! Ba a fito daga jarrabawa ba. Yanzu ma aka shiga."

"To, ai za mu yi a bayan zauren ne, ba ciki ba."

"Bayan zauren ai nan ne yaran suke barci! Uwar wannan tana ciki, damarta ta ƙarshe ke nan. In ta ji kukansa za ta fito, in ta fito ta bar makarantar nan har abada. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Mun gina ɗaki don su samu natsuwa, ga shi mun ɗauko ganguna za mu je mu tashe su!"

Tsawa ya waiga. Ya dubi gangunan, ya dubi kwalayen da aka rubuta sunansa da manyan haruffa, ya dubi yaron. Na san abin da ke cin sa. Makonni ya yi yana mafarkin wannan rana, ga Malamin Harkokin Ɗalibai an riga an zaunar da shi a kujera.

"A ɗaga ke nan?" wani ya tambaya daga baya.

"Ba za a ɗaga ba," in ji Tsawa. Sai ya juya ga jama'a, ya ɗora yatsa a leɓe, ya yi wani abu da ban taɓa zaton maƙogwaronsa zai iya ba. Ya yi raɗa. "Za a yi. Amma duk wanda na ji muryarsa, shi zai wanke zanen yara har ƙarshen zango."

Dariya ta so ta ɓarke, kowa ya toshe baki. Maganar ta bi layi daga kunne zuwa kunne har ƙarshen jerin. Ɗalibai kuwa in ka ba su abin wasa sun fi kowa iya shi. Masu ganguna suka ɗora su a ka. 'Yan mata suka cire takalma masu ƙara suka riƙe a hannu. Wasu shaƙiyyai suka ci gaba da rawa ba kiɗa, suna buɗe baki kamar suna waƙa, ba abin da ke fita. Haka wannan taro, wanda ko a ɗakin karatu ba ya iya yin shiru, ya bi hanya a kan yatsun ƙafa.

Saura Jiniya. Shi bai shiga yarjejeniyar ba. Na ba shi cokalinsa ya yi jifa da shi. Wata ta karɓa ta gwada, ya ƙara. Wani ya yi masa gwalo, ya ƙara. Ga shi ba ni da halin matsawa kusa da zauren da shi a haka.

"Kawo shi nan," in ji Tsawa.

"Shugaba, ka taɓa riƙe jariri kuwa?"

"Ni ne babba a gidanmu. Kawo."

Ya kwantar da shi a faffaɗan ƙirjin nan, ya dafa bayansa da tafin hannu guda, ya fara magana ƙasa-ƙasa. Na matsa in ji waƙar da yake yi masa. Ashe jawabinsa ne! "Ya ku 'yan uwana ɗalibai, a wannan rana mai tarihi..." Muryar nan da ke fasa kunne, da aka danne ta sai ta koma wani gurnani mai daɗi da ke fitowa daga ƙirji. Jiniya ya yi shessheƙa, ya saurara, ya kama wuyan rigar ya cusa a baki. Kafin a kai ga nasarorin ƙungiya a fannin tsafta, idanunsa sun rufe.

A haka muka isa. Malamin Harkokin Ɗalibai ya miƙe yana shirin cewa wani abu, ya ga ɗaruruwan mutane sun ɗora yatsa a leɓe, ya koma ya zauna. Doguwa ta leƙo ta taga ta yi mana alamar sauran ma sun koma barci. Tsawa ya tsaya a gaban makirfon da ba wuta ya ƙarasa jawabinsa cikin raɗa, yana 'yar jijjiga, yawun yaro na bin farar rigarsa. Na gaba-gaba ne kaɗai suka ji, amma duk inda ya dakata sai hannuwa su tashi sama ana karkaɗa yatsu a maimakon tafi. Da aka zo yanke ƙyalle, har ƙarar almakashin sai da muka ji. Ban taɓa ganin taro mai daɗin wannan ba, ina dariya ba sauti, hawaye na zubo mini.

Aka yi mini alama in fito in yi nawa jawabin. Na girgiza kai. Idona na kan kwanar zauren, kuma ko kalma ɗaya ban tuna ba. Tambaya ɗaya ce ke cina: wancan kukan na farko, da gwajin lasifika, ta ji ko ba ta ji ba? Ƙofar zauren tana ɗaya gefen, in ma ta fito tun ɗazu ba zan gani ba. Wataƙila tana can zaune a kan matakala ta haɗa kai da gwiwa.

Ba wanda ya tafi. Aka tsaya ana jira, rana na dukan mutane, ba mai ko tari.

Can aka fara fitowa. Ɗalibai suka riƙa shan kwana suna hira, su yi turus su yi shiru. Iyaye mata suka wuce cikin ɗakin da sauri. Na duba wannan, na duba waccan, babu ita. Mutane suka ragu. Har Ba-Sani-Ba-Sabo ya wuce rungume da takardu, ya kalle mu ta saman tabarau.

Sai ga ta, ita ce ta ƙarshe. Tana shan kwana ta ga dandazon jama'a a ƙofar ɗakin da ta bar ɗanta, kowa ya yi jugum. Jakarta ta faɗi ƙasa.

"Me ya faru?" ta ce. "Gwaggo, me ya same shi? Ina ɗana?"

Na ruga na riƙe ta, na juya ta wajen Tsawa. Ga Jiniya can ya baje a kafaɗar shugaban ɗalibai, baki buɗe, yana ta sharar barci. Ta daɗe tana kallonsa, ƙirjinta na hawa da sauka.

"Matar Yaya," na ce, "kin zauna har ƙarshe?"

Ta ɗago hannunta na dama. Gefen yatsanta ya yi baƙi da tawada, har ya ɗan kumbura.

"Har tambayar ƙarshe na amsa," ta ce. "Har na koma na duba."

Na kusa da mu suka ji, suka raɗa wa na bayansu, hannuwa suka tashi sama tun daga gaba har can bakin hanya, yatsu na karkaɗawa. Tsawa ya matso ya miƙa mata ɗanta a hankali. Garin karɓa yaron ya motsa, ya buɗe ido, ya ga uwarsa. Leɓen ƙasa ya fara rawa. Ya buɗe baki yana jan numfashi, jama'a duka suka ɗauke nasu.

Matar Yaya ta rungume shi, tana dariya tana kuka.

"Yi abinka, ɗana," ta ce da ƙarfi. "Yi da kyau. Na gama."